Kofin da Suka Sa wa Sunan Kawu

Jana'izar Kawu ta wahalar da ni, ba zan ɓoye ba. Tun ranar da muka kai shi mocari, ɗakin ajiye gawa, ban zauna na ci abinci da zafinsa ba. Ni ne zuwa wurin masu kanofi, ni ne kwaso kujeru daga coci, ni ne kai saƙo ƙauye, domin duk mai mashin a dangi bawan kowa ne. Wurin haƙa kabari muka ci karo da dutse, sai da aka nemo masu diga. Ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa. 'Ya'yansa na Abuja suna ta bugo waya suna ba da oda, a yi kaza, kar a yi kaza, sai ka ce da waya ake haƙa kabari.

Ni ba mai rubutu ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya. Okada nake yi a Kafanchan, in rani ya yi in haɗa da dakon citta. Amma na ga takardar jana'izar da aka buga, an jera makarantun da ya yi da muƙamansa na coci, ba a sa ko layi ɗaya na abin da gari ya san shi da shi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa, ko da karkace.

Kawu wan mahaifiyata ne. Malamin wasanni ne a kwaleji har ya yi ritaya. Bayan ritaya kwalejojin yankinmu suka riƙe shi mai tantance 'yan wasa duk lokacin da ake gasar ƙwallo tsakaninsu. Aikinsa shi ne ya tsaya bakin fili ya raba ɗalibin gaske da ɗan haya. Ɗan haya shi ne wanda yara ke kira masinari: ba ɗalibi ba ne, an ɗauko shi daga gari, an biya shi, an ba shi riga da sunan wani ɗalibi ya buga.

Ranar jana'iza, bayan wa'azi, aka ce ɗaliban tsohuwar kwalejinsa su tashi su yi masa taken makaranta. Suka tashi da fararen rigunansu, suka yi aya ta farko lafiya lau. Da aka zo aya ta biyu sai murya ta fara mutuwa, kowa yana kallon bakin ɗan'uwansa. Sai daga can baya, ƙarƙashin mangwaro, wasu ƙarti suka ɗauka. Masu tumbi, masu furfura, 'yan okada irina, da bakanike, da wani mai ɗingishi da ke sayar da naman alade a kasuwa. Suka rera ta tsaf, ba tuntuɓe, har ƙarshe. 'Yan zumuntar mata suka juyo suna kallo. Matar Kawu, wadda muke kira Mama, tana kuka sai ga ta tana dariya cikin mayafi.

Fasto ya sunkuyo ya tambaye ni, "Tsoffin ɗalibansa ne?"

Na ce, "A'a, Fasto. Waɗanda ya kora ne."

A wurin kuma, tun ba a gama rufe ƙasa da kyau ba, surukin Kawu, mijin babbar 'yarsa, ya karɓi makirfon. Shi koci ne a wata kwalejin kuɗi. Ya ce gobe za a buga wasan kofi don tunawa da Baba, kwalejinsu da tsohuwar kwalejin Baba, manyan baƙi za su zo. Mutane suka tafa. Ni ban tafa ba, domin tun da safe na ga rigar ƙwallo mai lamba tara a kan igiyar gidana, kuma babban ɗana bai taɓa zama ɗalibin kowace kwaleji ba. Wato wasan da za a yi da sunan Kawu, 'yan haya ne za su buga shi, har da jinina.

Bari in faɗi yadda aka yi waɗancan ƙartin suka iya waƙa.

Da farko katin makaranta ake dubawa. Kocoi suka koyi ɓare hoto su manna wani. Sai Kawu ya daina wahalar da idonsa a kan kati. Ya jera 'yan wasa, ya ce su yi taken kwalejinsu, shi kuma yana bin layi da kunnensa kusa da bakin kowa. Wanda ke motsa leɓe kawai ya fita. Shekara ta zagayo, kocoi suka fara koya wa 'yan haya taken tun a cikin mota. A ɗauko su daga Sabon Tasha a Kaduna, kafin a iso Kafanchan sun haddace shi daga farko har ƙarshe, domin wanda bai iya ba babu kuɗinsa. Abin da kocoin ba su lura ba shi ne ɗalibin gaske bai taɓa sanin aya ta biyu ba. A taro aya ɗaya ake yi a zauna. Sai Kawu ya juya abin. Yana bin layi, da ya ji wani yana zuba aya ta biyu kamar mawaƙin coci ranar Ista, sai ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, ka iya waƙa. Zo ka zauna kusa da ni."

Daga nan tambaya ɗaya ko biyu ta ishe shi. Ina bayan gidan hostal ɗinku yake? Wane malami ne ba ya barin a shiga aji da silifa? Yaro ya fara sosa ƙeya, shi ke nan.

Ba ya tsawa. Usur yana rataye a wuyansa shekara da shekaru, ban taɓa jin ya busa ba. Farin takalmin kambas yake sawa, ko fili ya zama taɓo, da 'yar kujerarsa mai naɗewa, da namijin goro a aljihu. Wanda ya cire kuwa ba ya barin sa ya tafi. Dole ka zauna kusa da shi har a tashi wasa. Ya saya maka kunu da gyaɗa, ya tambaye ka ƙauyenku, wa ya haife ka, darasi nawa ka ci a jarrabawa. In an ci ƙwallo ya taɓo ka ya ce, "Da kai ne ya za ka buga ta?" Yaro ya zo da fushi, kafin a tashi yana nuna masa da ƙafa.

Yakan ce musu, "Ban hana ka ƙwallo ba. Sunan wani na hana ka."

Wasu daga cikinsu ya ja su zuwa barandar gidansa yana koya musu lissafi da Turanci su sake jarrabawa. Mama ta sha dafa tuwon ƙattin da ba ta san iyayensu ba. Kaɗan sun ci, sun shiga kwaleji da sunansu. Yawancinsu ba su ci ba. Ba zan yi ƙarya in ce kowa ya gyaru ba. Wasu mako na gaba ma a wata rigar zai sake kama su, su gaisa kamar abokai, ya ce, "Kai kuma? Yau wane suna?"

Mutane suna zaton Kawu ba ya son a biya yara. Ba haka ba ne. Ya sha faɗa a taron kocoi cewa alawus ɗin ɗaliban gaske, na abinci da na mota, a ba su a hannu kafin wasa. Domin ya san inda kuɗin ke tafiya. A hana ɗalibi nasa, a haɗa a biya ɗan haya, ragowar ta shige aljihu. Ɗalibin da aka ari sunansa yana zaune a benci da yunwa, yana jin ana kiran sunansa a lasifika wai ya ci ƙwallo. Kawu yakan ce, "A biya yaro, ni ban ƙi ba. Amma a biya shi a fili, da sunan da uwarsa ke kiran sa."

Dalilinsa kuwa mai ɗingishin nan ne, mai naman alade. Tun Kawu yana aiki aka yi wani wasa a Samaru Kataf, yaron yana buga wa kwalejin Kawu haya. Kawu bai so ba, amma a lokacin ba shi ke da magana ba. Aka taka yaron, ƙashin ƙauri ya karye, ana jin ƙarar daga bakin fili. Da aka je neman kuɗin asibiti, kwaleji ta ce ai ɗalibinta mai wannan suna lafiyarsa ƙalau, ga shi can a aji. Wanda ya karye babu shi a ko'ina. Kawu ne ya yi ta jinyarsa da albashinsa, daga asibiti zuwa wurin mai ɗori, amma ƙafar ba ta dawo daidai ba. Bai cika ba da labarin ba. Mama ce ta gaya mini, ta ce tun daga ranar mijinta ya zama wani mutum a kan maganar suna.

Rigimarsa da surukinsa kowa a dangi ya sani. Akwai wani yaro ɗan wajen Kwoi, ɗalibin gaske ne a wata kwaleji, ɗan gaba, in ya sa ƙwallo a gaba sai dai a bi shi da addu'a. Suruki ya je ya zuga shi da mashin da waya da ɗaki kyauta, ya dawo da shi kwalejinsu. Doka kuwa ta ce wanda ya canza kwaleji sai ya zauna shekara ɗaya bai buga ba, don kar masu kuɗi su riƙa kwashe yaran marasa kuɗi ana gobe gasa. Aka gyara takardu suka nuna yaron ya daɗe da komawa. Ranar wasan ƙarshe Kawu ko takardun bai karɓa ba.

Ya ce, "Bara ina zaune a nan yaron nan ya zura maka biyu da rigar wasu. Ka manta ne? Ni ban manta ba, domin na ga ka jefar da hula."

Suruki ya rage murya ya ce, "Baba, kowa fa yana yi."

Kawu ya ce, "Kowa bai auri 'yata ba."

Ya zaunar da yaron, aka cinye su suruki a wasan. 'Yarsa ta zo gida da kuka, ta ce so yake a kori mijinta daga aiki, jikokinsa su ci me? Kirsimeti ta zo, ba su zo gaisuwa ba. Wata Kirsimetin ta sake zuwa, ba su zo ba. Shi kuwa ko wace shekara sai ya ɗaura mini buhun acca da zakara a mashin ya ce in kai musu. Na ce, "Kawu, mutanen da ba sa gaishe ka?" Ya ce, "Zakaran bai san da rigima ba. Kai dai kai."

Nawa rikicin da shi ya zo daga baya. Da idonsa ya fara rauni ni ne nake ɗaukar sa zuwa fili, shi da kujerarsa. Wata rana muka je, aka jera yara, sai ga ɗana a layi da rigar wata kwaleji. Ban san zai zo ba. Da na sani ma ba zan hana ba, gaskiya ke nan. Yaro ya gama sakandare, sakamako bai cika ba, aikin yi babu, ƙafarsa kaɗai Allah ya ba shi. Abin da yake samu a wasa ɗaya ni sai in yini biyu a kan mashin ban haɗa ba.

Kawu ya bi layi. Da ya iso kansa ko waƙar bai saurara ba. Ya dafa shi.

"Jikana, zo mu zauna."

Yaro ya ce, "Kaka, don Allah. Yau kaɗai."

"Ni na riƙe ka ranar da aka sa maka suna a coci. Wannan da aka rubuta a kati ban san shi ba."

Ya zaunar da shi, ya saya masa kunu kamar kowa. Yaro bai sha ba.

A hanyar gida na buɗe wuta, ina magana sama da ƙarar inji. Na ce, "Kawu, dokar nan taku 'ya'yan talakawa kawai take kamawa. Kocin da ya ɗauko su fa? Shugaban kwalejin da ya sa hannu fa? Ka taɓa zaunar da ɗaya daga cikinsu ka saya masa kunu? Yaro ne kullum yake komawa gida hannu wofi, su kuma mako mai zuwa su ɗauko wani."

Muka wuce gada. Sannan ya ce, "Gaskiyarka, ɗan ƙanwata. Na rubuta ƙara har na gaji, hannuna bai kai can ba. Inda ya kai nan nake kamawa."

Na ce, "To ai ba adalci ba ne."

Ya ce, "Ba adalci ba ne. Duba gabanka, akwai rami."

Har yau ban ce duk gaskiya tasa ce ba. Yana da tasa, ina da tawa. Amma bai taɓa yi mini wayo da Turanci ba, bai taɓa cewa ni ban yi makaranta ba don haka in yi shiru. In ka faɗa masa gaskiya yana karɓa, sai dai ba ya matsawa daga inda ya tsaya.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Yana kwance da rediyo a kan ƙirji yana jin wasan Turai, in rafali ya yi abin da bai gamshe shi ba ya ja tsaki. Ranar da ya tafi ya sha kunu, ya ce Mama ta buɗe taga, ya yi barci. Shi ke nan. Ubangiji ya ba shi hutu.

Yanzu in koma ranar jana'iza. Ana rabon shinkafa na ja suruki bayan kanofi.

Na ce, "Koci, wa zai buga gobe?"

Ya ce, "Yaya, ka gane. Ɗalibai suna hutu, waɗanda ke nan kuma ba su iya komai ba. Manyan mutane za su zo. So kake mu kunyata Baba da wasan banza? Mota tana tasowa daga Sabon Tasha da asuba. Ɗaya ɓangaren ma sun ɗauko nasu, mun yi magana."

"Wa zai tantance?"

Ya yi dariya. "Wasan tunawa ne fa, wane tantancewa? Kuma ka ji, akwai mai neman 'yan wasa da zai zo daga Kaduna. Ɗanka na ba lamba tara. In ya gan shi, shi ke nan kun huta."

Na ce, "In ya gan shi, sunan wa zai rubuta?"

Ya ce, "Wannan ƙaramin abu ne, daga baya a gyara." Wayarsa ta yi ƙara, ya dafa ni ya wuce. Ba mugu ba ne, kar a ce na ce. Ya yi kuka sosai a bakin kabari, shi ya sayi akwati. A ganinsa girmamawa yake yi. Har ya sa an buga wani ƙaton ƙyalle mai hoton Kawu, da usur a wuya, an ɗaure shi a saman ƙofar fili. Na gani da zan mayar da kujeru.

Da yamma, baƙi sun ragu, na shiga wurin Mama. Tana zaune a tabarma, matan coci suna gefe suna tattara kwanuka. Na durƙusa na gaya mata duka. Na ce in ta ce a hana, zan je in tsaya a fili in yi ihu.

Ta ce, "Kai da wa? Za su ce gajiya ce ta taɓa maka kai. Kuma 'yata ta dawo gida bayan shekaru, ba zan sake korar ta da ƙwallo ba." Ta gyara mayafi. "Ni ban san ƙwallo ba, ɗana. Kambas kawai na yi ta wankewa. Amma na san mijina. In ya ga abin da ba zai iya hanawa ba, ba ya zagi. Naɗe kujerarsa yake yi ya taho gida."

Na isa gida rana tana faɗuwa, na sami ɗana yana wanke takalmin ƙwallo a bakin rijiya. Ba yaro ba ne yanzu, ya fi ni tsawo, gemu ya fito.

Na ce, "Ka san kofin wa za ka buga?"

Ya ce, "Na sani, Baba."

"Da sunan wa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, abeg. Shekaruna suna tafiya. Mutumin Kaduna ba zai zo ƙofar gidan nan ya neme ni ba. Kaka ya ce in sake jarrabawa, na sake, ban ci ba. Me kuma zan yi? In hau mashin kamar ka?"

Maganar ta shige ni, amma ba ƙarya ya yi ba. Na ce, "In ka karye fa?"

Ya ce, "In na karye na karye."

Na tsaya ina kallon sa. Zan iya ƙwace takalmin in jefa a rijiya. Zan iya cewa in ya fita kar ya dawo mini gida. Amma ba ni da abin da zan ba shi a madadin wasan, ko na sisi. Kawu yana da doka a hannunsa. Ni ba ni da komai sai baki, bakin ma ya gaji. Na shiga ɗaki na kwanta.

Washegari da sassafe na ɗauki wuƙa na tayar da mashin. Ina fita sai ga shi da jaka a kafaɗa, ya ce in sauke shi a fili tunda hanya ce. Na ce hau.

Babu kowa a filin sai awaki da wani tsoho mai zuba farin layi. Ƙyallen yana sama, ruwan dare ya jiƙa shi, fuskar Kawu tana kallon tsakiyar fili. Na kai mashin ƙarƙashinsa na kafe. Ba tsani, dole in taka kan kujerar mashin, ƙasa kuma taɓo ce.

Ɗana ya ce, "Baba, me za ka yi?"

Na ce, "Riƙe mini kar in faɗi."

Ya dube ni, ya dubi hoton. Sannan ya ajiye jakarsa a kan ciyawa ya kama kan mashin da hannu biyu. Na hau, na yanke igiyar hagu, na matsa na yanke ta dama. Ƙyallen ya faɗo mini a ka, da nauyi, ruwa ya zubo mini a wuya. Tsohon mai layi ya tsaya yana kallo.

Muka naɗe shi tare, ni da gefe ɗaya, shi da gefe ɗaya, fuskar a ciki.

Ya ce, "Baba, zan fa buga."

Na ce, "Na sani. Ka kula da ƙafarka."

Na ɗaure ƙyallen a bayan mashin, na bar shi tsaye a bakin ƙofa da jakarsa. Na kai wa Mama, ta ce in jingine a ɗakin Kawu ya bushe. Daga nan na wuce tasha neman fasinja.